Rahoton Shekara na Kwamitin Darussa: Turawan Ingila na Farko a Labarin Asalin Amurka

Assalamu alaikum, 'yan'uwa malamai.

A babban taronmu na bara an ɗora wa wannan kwamiti aiki guda, wato ya shirya darasi da Hausa kan yadda Amurkawa ke tuna Turawan Ingila da suka fara zama a ƙasarsu. Mun kammala, wasu mambobi sun gwada shi a azuzuwansu, ga kuma inda aka kwana.

Dabarar ba ta da wuya. Kowane labari a rubuta masa shekara biyu a allo: shekarar da abin ya faru, da shekarar da aka fara ba da shi yadda ake jin sa yau. Ɗalibi ya lissafa tazarar, sannan a tambaye shi wane ne ya buƙaci labarin a wancan lokaci. Mun rubuta kati uku a kan haka.

Na farko, Dutsen Plymouth, garin da Turawan Ingila suka kafa a gaɓar tekun Amurka, dutsen da ake cewa a kansa fasinjojin jirgin Mayflower suka fara sa ƙafa a 1620. Babu wanda ya ambaci dutsen a rubuce-rubucen waɗanda suka yi tafiyar. Sai a 1741 wani dattijo mai shekara casa'in da 'yan kai, Thomas Faunce, ya nuna shi, bayan shekara 121. A 1774 ya rabe biyu garin ɗaga shi, a 1880 kuma aka sassaƙa masa "1620". Jirgin ma a wani wuri daban, Cape Cod, ya fara tsayawa, ba a Plymouth ba.

Kati na biyu ya fi cin lokaci, kuma ya cancanta. Bikin Godiya da ake yi a Amurka kowace Nuwamba ana danganta shi da walimar kakar 1621 a Plymouth. Shaidar gani da ido ɗan sakin layi ne a wasiƙar Edward Winslow, ɗaya daga cikin fasinjojin Mayflower: kwana uku ana ci, an harbo tsuntsaye, sarki Massasoit ya zo da mutum kusan casa'in na ƙabilar Wampanoag, suka kawo barewa biyar. Wasiƙar ba ta ambaci talotalo ba, wanda ake ci a bikin yau. Cikin fasinjoji 102, kusan rabi sun mutu a hunturun farko, don haka 'yan ƙasa sun fi Turawan yawa nesa ba kusa ba. A 1841 ne wani malamin coci, Alexander Young, ya kira walimar bikin godiya na farko, a 1863 kuma Shugaba Lincoln ya ayyana ranar ga ƙasa baki ɗaya, ana tsakiyar yaƙin basasa. A nan ɗalibai ke gane cewa ƙasar da ke neman tsagewa ce ta nemi labarin cin abinci tare.

Na uku, Pocahontas, 'yar wani sarkin 'yan asalin ƙasar a Virginia. Tana da shekara goma ko sha ɗaya a 1607. Labarin yadda ta ceci John Smith, ɗaya daga cikin shugabannin Turawan garin Jamestown, daga kisa ya fito filla-filla a 1624, bayan rasuwarta a Ingila a 1617.

Abin da muke roƙo kada a tsallake shi ne Jamestown. An kafa shi a Virginia a 1607, ya girmi Plymouth da shekara 13, amma ba shi aka ɗauka uban ƙasa ba. Kamfani ne ya kafa shi don riba, taba ce ta rayar da shi, yunwar hunturun 1609 zuwa 1610 ta bar mutum kusan sittin kacal, kuma a 1619 aka sauke 'yan Afirka ashirin da 'yan kai a Point Comfort. A ganinmu, barin wannan gari a gefe ya fi kowane ƙari da aka yi wa labarin Plymouth nauyi.

Matsaloli uku suka taso. Wasu sun fassara sunan da ake kiran mutanen Plymouth, wato "Pilgrims", da "mahajjata", ɗalibai suka zaci ziyarar ibada suka je su dawo. A ce "masu ƙaura", a bayyana cewa ba dukansu addini ya fitar ba, kuma masu addinin sun yi shekara goma sha ɗaya a Leiden ta ƙasar Holan suna ibadarsu ba takura. Na biyu, minti arba'in ba ya isa, a raba darasin gida biyu. Na uku ya fi damun mu: ɗalibai kan yanke cewa duk ƙarya ce. Hakan na faruwa idan malami ya fara da rushe labari kafin a karanta shaida. An yi walimar, an kuma ƙulla yarjejeniya tsakanin Turawan da Wampanoag a Maris 1621. Wampanoag na da dalilinsu, domin annobar 1616 zuwa 1619 ta cinye garuruwansu, suna neman abokan da za su kare su daga ƙabilar Narragansett. A kai ɗalibai har yaƙin 1675 zuwa 1676, inda aka kashe Metacom ɗan Massasoit aka kafe kansa a kan sanda a Plymouth, a kuma sanar da su cewa tun 1970 'yan asalin ƙasar ke taron makoki a garin a ranar bikin.

A shekara mai zuwa za mu ƙara kati kan Turawan Ingila mazaunan tsibirin Roanoke na 1587 da suka ɓace, da taswirar gaɓar teku mai sunayen ƙabilu. Duk wanda ya gwada darasin ya miƙa wa sakatare gyare-gyarensa a rubuce kafin taro na gaba.

Wassalam.
Kwamitin Darussa