A daina gaggawar sauke injin tsohuwar mota don kawai tana kakkarwa

Malam Edita, assalamu alaikum, ina gaishe ku da aiki da fatan kuna lafiya. Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya nan Tawa, wato yadda ake yi wa tsofaffin motocinmu a gareji, musamman Peugeot 504 da ƴar uwarta 404 bashe (mai buɗaɗɗen baya da ake rufewa da tamfol), waɗanda har gobe su ne ke kwasar mutane da kaya zuwa kasuwar Badagishiri da Illela da Keita.

Da zarar mota ta fara kakkarwa, sitiyari na rawa, madubi na rawa, mai ita ya kai ta gareji, kafin ma a buɗe gaba da kyau sai ka ji yaro ya ce wai sai an sauke inji, sigima, wato zobban piston, sun mutu. Haba jama'a! Talakan da ke neman na cefane da motar nan ina zai samo kuɗin piston da sigima, ga motar za ta yi makonni a kan duwatsu, kuma wallahi sau tari matsalar ba ta wuce ta ƴan jikkuna ba.

Injin 504 silinda huɗu gare shi, wuta na bin su 1-3-4-2, in ɗaya ya daina aiki dole ta girgiza don ukun ne ke ja. To gwajin ai ba wuya, a tada mota a bar ta a ralanti, wato tana aiki a tsaye ba a taka totur ba, a sa filaya mai roba a cire wayar buji (fulogi) ɗaya bayan ɗaya, wadda ka cire ka ji injin ya ƙara faɗuwa to wannan silindan yana aiki, wadda ka cire kuma ba abin da ya canza, nan ɓarawon yake. Sai a kwance bujin a dube shi. In bakinsa baƙi ne bushe kamar gindin tukunya, karbirato na ba da mai fiye da kima. In ya jiƙe da baƙin mai, to nan ne za a fara zargin sigima ko supap (bawul), kuma ko a nan ɗin ma a auna ƙarfin matsin kowane silinda tukuna. A Peugeot silinda na farko shi ne na wajen ambirayaj (kuloci), ba na wajen radiyata ba, yara da yawa suna juya wayoyi saboda rashin sanin wannan.

Sai delko, mai raba wa buji wuta. A buɗe hularsa a duba ko ta tsage, a duba bis ɗin ciki, ƴan ƙarafan da ke haɗa wuta suna yankewa, ko sun ci wuta, ratarsu wajen 0.40 ne na milimita, amma yanzu da ido ake yi ko da guntun kwali. Ga ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska, ga man kwalba na bakin hanya wanda wani lokaci da ruwa ko yashi a ciki, yana shiga ya toshe ƴan ramukan karbirato. Wani sa'in ma ƙaramin tiyo ne ya tsage yana shan iska ta gefe.

Amma abin da aka fi mantawa da shi shi ne silambulok, robobin nan da inji ke zaune a kansu. Ita 504, motar da aka fara ƙerawa tun 1968, ko da ta Kaduna ce ta baya-bayan nan, ta sha zafin watan Afrilu ta sha baƙin mai da ke ɗiga mata, ta sha ramukan hanya, robar ta bushe ta tsattsage ko ta rabu da ƙarfenta gaba ɗaya. A ja birkin hannu, a taka birki, a sa giya ta ɗaya a ɗan saki ambirayaj wani na kallo daga gefe, in injin ya ɗaga ya buga to magana ta ƙare. Kuma a tambayi direba yaushe take rawar, don shi ke kwana da ita. In tana tsaye lafiya lau sai ta ɗauki gudu sannan ta fara, wannan ba ruwan inji, a je ga taya ko janti (ƙarfen taya) da ya lanƙwashe ko kardan, sandar da ke juya tayoyin baya. In rawar na ƙaruwa da an taka totur a tsaye, a duba farfelar radiyata ko wani fiffike ya karye.

Ni ban ce yaran ba su da ƙoƙari ba, suna da shi, sai dai sun taso a zamanin motocin da ake jona wa kwamfuta ta faɗi ciwo, su kuwa waɗannan kunne suke so da haƙuri. Tsofaffin makanikai da suka san su ciki da bai suna ta ƙarewa, wasu ido ya yi rauni sun koma gida. Roƙona ga masu kula da cibiyoyin koyon sana'a da shugabannin ƴan gareji na jihar Tawa, a nemo dattawan nan a biya su su riƙa zuwa ko sau ɗaya a mako suna nuna wa yara a kan mota ta gaske. Masu mota kuma in an ce muku a sauke inji, ku ce a fara nuna muku buji huɗun nan da silambulok da idonku.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku, wani direban bashe, daga Tawa.