Dattijon majami'a ya ce zai ba ni takarda, Alhaji ya ce in zo in yi aiki

Malam, ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka na gidan rediyo. Tun ina lise a Birnin Ƙonni nake sauraron shirinka, ban taɓa tsammanin wata rana ni ma zan rubuto ba. Don Allah ka sakaya sunana. Mu Kiristoci Hausawa a Yamai ba mu da yawa, da ka faɗi unguwa an gane mutum.

Ni ɗan Galmi ne, shekarata 23, ina shekara ta uku ta lisans, wato digirin farko, a fannin tattalin arziki a Jami'ar Abdou Moumouni. Babana manomin albasa ne, da ita ya riƙe ni har yau. Burinsa guda ne: in gama in koma gida in riƙe lissafin kuɗi a asibitin Galmi, wanda mishan suka buɗe tun 1950, inda aka haife ni da ƙannena duka.

Laifina zan fara faɗa. Da na sauka Yamai, wajen kilomita 500 daga gida, ban san kowa ba, majami'a ce ta zama dangina. Sun ba ni abinci, sun biya mini kuɗin magani da zazzaɓi ya kayar da ni. Da suka ga na iya kiɗa piyano aka sa ni cikin mawaƙa, daga nan sakataren matasa, daga nan malamin makarantar Lahadi. Talata da Alhamis koyon waƙa, Asabar shiri, Lahadi tun safe har azahar, ga addu'ar dare ƙarshen wata, kuma kowane zuwa sai na ƙetare Gadar Kennedy daga Harobanda, unguwar jami'armu da ke hayin kogi. Ban taɓa iya cewa a'a ba. A tsarin karatunmu kowane zango kiredi 30 ne, sai ka tara 180 ake ba ka lisans. Bara na faɗi darasi biyu, da ƙyar na tsallake a zagaye na biyu. Da na gaya wa wata uwa a zumuntar mata, cewa ta yi, "Ɗana, kai dai ka fara neman Mulkin Allah, sauran za a ƙara maka." Na san ayar, na gaskata ta. Amma malamin lissafi bai ƙara mini maki ko ɗaya ba.

Yanzu staj ne ya tsaya mini, wato koyon aiki da za mu rubuta rahoto a kai kafin a gama. Na kai dosiye wuri tara, bankuna da ofisoshi, ko ɗaya bai kira ni ba. Wanda duk ya samu a ajinmu, in ka bincika, kawunsa ne ko mijin yayarsa ya ɗaga waya.

Sai ƙofa biyu suka buɗe a mako guda.

Abokin ɗakina Musulmi ne, ɗan Tawa. Shekara biyu muna tare, shi ke tashe ni in ya tashi sallar asuba don in yi karatu, ni ma da azumi ba na ci a gabansa. Ya kai ni wurin kawunsa, wani Alhaji mai fataucin albasa zuwa Gana da Kodibuwa. Mutumin yana juya miliyoyi, amma lissafinsa duka a cikin wani tsohon littafi yake da kuma kansa. Ya ce tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 harkar sufuri ta rikice, kuɗin mota da na duwan sun hau, shi kansa bai san wace mota ke kawo riba ba. Yana son yaron da zai zuba masa komai a kwamfuta, ya daidaita takardun lampo da harajin TVA ɗin nan na kashi 19 cikin ɗari da ake ɗorawa kan kayan sayarwa. Wata uku, jika arba'in a wata, kullum har Asabar. Na ce masa ni Kirista ne. Ya yi dariya ya ce, "Yaro, na daɗe da sanin mutanen Galmi. Lahadi taka ce har ku sauko, in mota ta zo da yamma sai ka leƙo."

Malam, na ji daɗi ƙwarai. Abin da muke karantawa a SYSCOHADA, wato tsarin riƙe lissafin kuɗi na kamfanoni, muna haddacewa kamar karatun allo, ga shi a fili, a kan albasar da na sani tun ina rarrafe.

Da na kai maganar majami'a, wani dattijo da nake kira Baba, wanda ya fi kowa taimakona, ya ja ni gefe. Ya ce mangazar albasa ba wurin staj ba ne, hatimin ɗan kasuwa ba ya buɗe ƙofa. Kuma wa zai riƙe mawaƙa ga Kirsimeti na tafe? Ya ce ofishinsu ba ya ɗaukar ɗalibai bana, amma zai sa a buga mini takardar shaida da hatimi cewa na yi wata uku a wurinsu, ya ba ni tsohon rahoton wani in gyara. "Kowa haka yake yi, kai kuma aikin Ubangiji ne ya riƙe ka."

Tun ranar barcina ya ragu. Takardar ƙarya ce, ko da sunan wa aka yi ta. Ni ne ke koya wa yara a makarantar Lahadi kada su yi shaidar zur. Kuma ko an bar maganar zunubi, in na je neman aiki aka ajiye ni gaban manhajar lissafi ta kwamfuta irin Excel ko Sage aka ce in nuna abin da na koya, me zan nuna? Amma hannun da ya ciyar da kai, da wane baki za ka ce masa abin da ya miƙo ba shi da kyau? Ina tsoron a ce ɗan Galmi ya ƙoshi, ya bar Allah ya bi kuɗin Alhaji. Na so in tuna wa Baba cewa Manzo Bulus ma ɗinkin tanti yake yi yana wa'azi, kunya ta hana ni. Babana kuwa in ya ji bayan shekara uku a jami'a na koma ƙirga buhun albasa, ban san yadda zai ɗauka ba.

To Malam, ta yaya zan ƙi takardar ba tare da na ci fuskar dattijon nan ba? In tafi ni kaɗai, ko in nemi fasto ya shiga tsakani, alhali hakan tona masa asiri ne? Wace hanya zan bi in sauke wasu ayyukan majami'a ba a ce na ja da baya ba? Akwai yarinyar da nake koya wa piyano, na ga za ta iya riƙewa. Kuma ku da kuka ga jiya, da gaske masu ɗaukar aiki suna raina staj na wurin ɗan kasuwa, ko abin da mutum ya iya suke dubawa? 

Baba ya ce in kawo masa cikakken sunana da ranar haihuwata Lahadi mai zuwa bayan sujada. Alhaji kuma Litinin yake jirana. In da hali, ka karanta wasiƙata a shirin wannan makon.

Ɗanka,
wani ɗalibi daga Harobanda, Yamai