Buɗaɗɗiyar Wasiƙar Ƙorafi Ga Kamfanin Da Ya Sa Wa Motata Fowil

Zuwa ga Shugaban Kamfani,

Yallaɓai, bayan gaisuwa, na zaɓi in yi wannan magana a bainar jama'a ne saboda sau uku ina kai kukana ofishinku, kuma kowane zuwa da amsa guda ake sallamata, wai laifin tuƙina ne.

Na kawo muku tsohuwar a-kori-kurata, wadda tun daga masana'anta tayoyin baya kaɗai ke janta, domin ku mayar da ita mai jan taya huɗu, abin da kanikawa ke kira fowil. Na san aikin ba na wasa ba ne, tunda sai an ɗaura akwatin da ke raba ƙarfin inji tsakanin gaba da baya a bayan giyabos, a kawo aksul na gaba, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin gaba yana juya su, a ƙara farfela ta biyu, wato sandar da ke kai juyin inji ga aksul, a rage tsawon ta baya, sannan a yi wa shasi sabon mazauni. Duk kun yi, kuma waldarku, in za a faɗi gaskiya, ba ta da makusa.

Ranar farko da na sa fowil a busasshiyar hanyar ƙasa mai tauri, mota ta dinga tirjiya kamar an taka mata birki, tayoyin baya suna kartar ƙasa, sitiyari ya yi nauyi, sandar fowil kuma ta ƙi fita har sai da na ja da baya. Ba a jima ba akwatin rabon ƙarfin ya fara ƙara. Injiniyanku ya ce lallai a kan kwalta nake sa fowil. Na san irin wannan akwati yana ɗaure farfelar gaba da ta baya su juya daidai wa daida, don haka ba a sa shi a busasshiyar kwalta, kuma ban taɓa yi ba.

Da na gaji sai na kai ta wurin wani bakanike da ba ruwansa da ku. A gabana ya buɗe aksul biyun, ya ɗauki alli yana ɗiga wa haƙoran giya alama yana ƙirgawa. A aksul na baya, babbar giya tana da haƙori 41, ƙaramar tana da 11, wato farfela tana juyi 3.73 kafin taya ta yi juyi ɗaya. A gaba kuwa babbar 41 ce, amma ƙaramar 10, wato 4.10. Haƙori ɗaya tak ne bambancin, sai dai ma'anarsa ita ce duk lokacin da tayoyin gaba suka ci mita 100, na baya suna neman cin kusan mita 110. A cikin taɓo santsi yana ɓoye wannan saɓani, amma inda taya ta kama ƙasa sosai, sarƙar cikin akwatin da kuros, wato mahaɗin farfela, ne ke shan wahalar. Da ya tsiyaye man akwatin a tasa, garin ƙarfe ne ke ƙyalli a cikinsa.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ko yaron gareji zai iya gano wannan kafin a ɗaura aksul, ta hanyar juya taya da hannu yana ƙirga juyin da farfela take yi. Agogon gudu ma bai ƙara motsi ba tun da motar ta fito daga hannunku, amma wannan ƙaramin abu ne.

Ina neman ku sauya giyar gaba da wadda ta yi daidai da ta baya, ku sabunta sarƙar da duk abin da ya ci a cikin akwatin, ku haɗa agogon, ba tare da na ƙara ko sisi ba, kuma ku ba ni garantin aikin a rubuce. A yanzu an kwance farfelar gaba, ina tuƙa motar da tayoyin baya kamar yadda na kawo muku ita. Man da aka tsiyaye yana nan na adana a kwalba, kuma zan zo da shi duk ranar da kuka sa mini.

Naku,
Mai a-kori-kurar da kuka yi wa aiki