Takardar Koke Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Yauri Kan Gidajen Bakin Ruwa

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Mu magina da masunta da masu fito na garuruwan bakin Kogin Neja muka haɗu muka rubuto wannan koke. Roƙonmu shi ne a shata iyakar ruwa a ƙasar Yauri, a daina yanka filayen zama a ƙasa da ita.

Ranka ya daɗe, ɗumamar duniya ta sauya halin ruwa. Masana sun auna cewa teku ya ɗaga da kimanin santimita 20 tsakanin 1901 da 2018, saboda ƙanƙarar duwatsu na narkewa, ruwan teku kuma yana kumbura idan ya yi ɗumi. Garin Ayetoro na Jihar Ondo teku ya riga ya ci babban ɓangarensa. Mu muna nesa da teku, amma zafin nan ne ke sa iska ta ƙara ɗaukar danshi, ruwan da ya kamata ya sauka cikin mako ya zubo a dare ɗaya. Ga mu a wuyan tafkin Kainji tun da aka datse kogin a 1968, muna karɓar cikar kogi sau biyu a shekara: farin ruwa na damina, baƙin ruwa kuma ya iso daga tsaunukan Gini da hunturu. Ɓarnar ambaliyar 2012 da 2020 da 2022 ba sai an faɗa wa Sarki ba.

Yawancin gidajen da ke rushewa a ambaliya ba igiyar ruwa ke ture su ba. Tubalin ƙasa yana tsotsar ruwa daga gindi kamar lagwani, cikin kwana biyu zuwa uku ƙasan bango ya zama taɓo, nauyin rufi ya danne shi, sau da yawa da dare mutane na barci. Na bulo ma bai tsira ba idan an yi ha'inci a siminti. Buhu ɗaya bai kamata ya wuce bulo talatin mai inci tara ba, amma wasu na buga hamsin, shi ya sa yake marmashewa da zarar ya jiƙa. Bayan ruwa ya ja sai masai ta tumbatsa cikin rijiya, amai da gudawa su biyo baya.

Don haka muke roƙon Sarki ya umarci hakimai da dagatai su tara dattawan kowane gari, su nuna inda ruwa ya taɓa kaiwa mafi nisa, a kafa turakun kankare masu jan fenti a wurin. Kada mai unguwa ya ƙara sa hannu a cinikin filin gida ƙasa da turakun, a bar wurin ga shinkafa da albasa. Wanda gidansa ya riga ya zauna ciki, idan zai sake gini ya ɗaga harsashi da dutse da siminti aƙalla santimita 60 sama da shaidar ruwa, ya shimfiɗa leda mai kauri kafin ya ɗora bango. Rijiya a ɗaure mata baki a yi mata murfi, a bar tazarar mita 30 tsakaninta da masai. Gaɓar da ke zaizayewa a dasa mata jema layi-layi a farkon damina, domin saiwarta na nutsewa ta riƙe ƙasa. Wannan aikin gayya ne, mu za mu fara.

Muna kuma roƙon fada ta nemi hasashen ambaliya da hukumar NIHSA mai sa ido kan ruwan kogunan Najeriya ke fitarwa kowace shekara, a fassara shi a karanta a masallatan Juma'a da kasuwanni, a isar da shi tsibiri-tsibiri ta hannun sarakunan ruwa. A kai wa hukumar N-HYPPADEC mai raya yankunan madatsun wutar lantarki da gwamnatin jiha buƙatar filayen tudu ga masu son tashi.

Akwai talakawan Sarki masu fataucin kifi da albasa da ke sayen filaye a gefen teku a Legas saboda araha. A ja musu kunne su tambayi maƙwabta ko ruwa na shiga unguwar lokacin tumbatsar teku ko da ba a yi ruwan sama ba, su ɗanɗana ruwan rijiya. Inda akwai gishiri, rodi zai yi tsatsa ya fasa kankare.

A shirye muke mu raka duk wakilin da fada ta turo ya ga wuraren kafin damina ta kankama.

Allah ya taimaki Sarki.

Talakawanka,
Magina, masunta da masu fito na ƙasar Yauri, Jihar Kebbi