Takardar da ta dace da mai koyon rubutun hannu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon a ba ni ɗan fili in yi magana da iyaye da ƴan'uwana malaman allo a kan wani abu da ake rainawa, wato takardar da ake ba ɗalibi ranar da ya tashi daga allo ya fara rubutu a kan takarda da alƙalamin gamba. Abin da aka saba a nan Damagaram shi ne uba ya shiga Kasuwar Dole ya sayo kaye, wato littafin rubutu irin na ƴan makarantar boko, ya miƙa wa yaro, alhali kuwa wannan takarda don biro aka yi ta. Tawadarmu ruwa ce da ƙaro, kuma bakin alƙalami mai faɗi yana sauke ta da yawa, sai takardar ta shanye ta, gefen harafi ya yi gashi-gashi, baƙin ya ɓullo ta baya.

A bara na zauna kusa da wani ɗalibina mai hannu mai kyau, ina kallo cikin mim da kan wau suna toshe masa ɗaya bayan ɗaya. Sau uku yana sake feƙe alƙalami, har idonsa ya kawo ruwa, domin ya ɗauka laifin hannunsa ne. Da na canza masa takarda, a zaman nan haruffan suka buɗe. Abin ya tsaya mini a rai, saboda na san akwai yaran da suka bar wannan fanni a kan laifin da ba nasu ba.

Magabatanmu sun san darajar takarda. Duk wanda ya ɗaga warƙar tsohon Alƙur'ani na hannu ya duba ta a hasken rana, sau da yawa zai ga tambarin jinjirin wata uku a jikinta. A arewacin Italiya ake yin ta, musamman a masana'antar gidan Galvani, kuma a ƙarni na 19 ayarin raƙuma ne ke kawo ta daga Tarabulus ta Agadas zuwa Damagaram da Kano. Da tsumma ake yin ta, a shafe fuskarta da wani irin danƙo, shi ya sa tawada ke zama a samanta ta bushe ba ta nutse ba. Wannan siffa ce ya kamata mu nema a takardar koyo, ko da mai araha ce.

Shawarata ita ce a sayi farar takardar fotokofi mai giram 80, wadda kunshinta ke ɗauke da warƙa 500, iyaye uku ko huɗu su haɗa kuɗi su raba. A guji mai sheƙi, domin tawada zamewa take yi a kanta, haka kuma mai kaushi tana cin bakin alƙalami. Layukan kaye ma sun yi wa rubutun Barno matsi, tunda haruffansa masu kauri ne kuma ana bukatar wurin jan wasali. Gara a ja layuka masu tazara a warƙa guda da baƙi sosai, a riƙa shimfiɗa ta a ƙarƙashi. Mai fara koyo kuma ya tsaya a kan haruffa da haɗa su, kada ya cika takardun gwaji da ayoyi, domin allo wankewa ake yi, takarda kuwa sai iska ta kai ta inda bai kamata ba.

Roƙona ga masu shagunan takarda shi ne su yarda su sayar da warƙa ɗaya kafin kunshi, don malami ya ja alif a kanta da tawadarsa, ya jira ta bushe, ya juya bayanta ya duba.

Wassalam,
Wani malamin allo, unguwar Birni, Damagaram.