Godiya ga shagon da ya saurari kwamfutata kafin ya taɓa ta

Assalamu alaikum warahmatullah.

Zuwa ga Injiniya, mai shagon gyaran kwamfuta da ke kan titin Ahmadu Bello a nan Birnin Kebbi, tare da yaran shagonsa biyu. Na yi muku godiya a bakin ƙofa ranar da na ɗauki kayana, amma ita ba ta kai min zuci ba, shi ya sa na ga ya dace in maimaita ta inda jama'a za su gani.

Ina da ɗan gidan wasa a Badariya. PlayStation biyu ne a ciki, sai kwamfutar tebur guda da na sayo tokunbo daga Legas: furosesa Ryzen 5 3600, katin hoto GTX 1660 Super, da ram sanda biyu mai giga 8 kowace. Ita ce uwar ɗakin shagon, don a kanta samari ke layin buga GTA V da ƙwallo.

Da zafin Maris ya kankama sai ta fara halin da ban san ta da shi ba. Wani lokaci hoto ya daskare, sauti ya maƙale yana ƙugi kamar an tsokano zuma, sai na danne maɓallin wuta kafin ta mutu. Wani lokaci kuma fuskarta ta rikiɗe shuɗiya, ga alamar ɓacin rai a sama, ga ɗan akwatin QR a ƙasa, ta kashe kanta ta tashi. Samarin suka raɗa wa abin suna, wai "ta yi shuɗi". Wanda bai taɓa raba rigimar yaron da ke ci biyu da nema a minti na 80 kwamfuta ta ɗauke ba, bai san wahalar wannan sana'a ba. Kuɗin da na mayar a makonnin nan Allah kaɗai ya san yawansu.

Kafin in zo wurinku na kai ta wurare biyu, ba zan ambace su ba. Na farko ya yi mata fomat. Na biyu ya sake yi mata fomat, da ta ƙara yin shuɗi a gabansa ya ce katin hoto ne ya mutu, in nemo sabo. Duk wanda ya san yadda farashin katin hoto ke bin dala ya san abin da na ji a ƙirjina.

Injiniya, tambayarka ta farko ce ta ba ni kunya. Ka ce: "Lokacin da ta yi shuɗi, mi ta rubuta daga ƙasa?" Wallahi ban taɓa tsayawa na karanta ba. Sai ka yi min bayani cewa shuɗin ba shi ne ciwon ba. Windows ce ke tsayar da kanta idan ta ga abin da zai iya lalata bayanai, kuma ba ta tafiya sai ta bar saƙo: suna a jikin allo, da ɗan fayil a cikin jakar Minidump. Ka ce mai yin fomat tun bai duba ba kamar wanda ya share tsakar gida ne kafin masu bin sawun ɓarawo su iso. Allah ya taimaka tun fomat na ƙarshe ta sake tara wasu. Yawancinsu MEMORY_MANAGEMENT suka ce, sunan da ke sa a zargi ram, guda kuma IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL. Ka nuna min cewa da katin hoton ne ke gardama, da an fi sa ran ganin VIDEO_TDR_FAILURE tare da sunan fayil ɗin Nvidia, nvlddmkm.sys, domin Windows daƙiƙa 2 take jiran katin ya amsa kafin ta yi ƙoƙarin farfaɗo da shi. Ko ɗaya ba mu gani ba. A Event Viewer kuma, kundin da Windows ke rubuta abubuwan da suka faru da ita, na hango jan rubutu, Kernel-Power 41, na ce to ga ɓarawon. Ka yi dariya ka ce wannan shaida ce kawai cewa kwamfuta ta mutu ba da sallama ba, ba ta faɗin dalili.

Daga nan aka kunna wasa, aka buɗe HWiNFO, manhajar da ke nuna zafin kayan ciki, a gefe. Cikin mintuna kaɗan furosesar ta dangana da digiri 95, iyakar da AMD ta gindaya mata. Da yaronka ya cire murfi sai na kau da kai. Ƙurar hunturun bara da ta bana sun saƙa bargo a kan ƙarfen sanyaya, man da ke tsakaninsa da furosesa kuma ya bushe ya tsattsage kamar fadama a tsakiyar rani. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, ga ta a ƙasa, manne da bango, cikin ɗaki mai rufin kwano. Laifin nawa ne. Na lura yaron yana riƙe kowace fanka da yatsa yayin da yake hura mata iska don kada ta yi gudun da ya fi ƙarfinta, ya goge tsohon man tas, ya ɗiga sabo kamar ƙwayar wake. Da aka sake gwadawa ba ta wuce saba'in da 'yan kai ba.

Nan na miƙe ina lalubar aljihu, ka ce in zauna. Zafi ya isa ya daskarar da ita, amma bai amsa maganar da shuɗin ke yi a kan ram ba, cuta biyu ce ta haɗu a jiki ɗaya. Wannan wurin ne ya sa nake rubuta wasiƙar. Da ka karɓi kuɗinka a lokacin, da na tafi ina yi maka addu'a, bayan kwana uku in dawo ina zargin wani abin daban.

Kuka kashe XMP a cikin BIOS don ram ta koma gudunta na asali, kuka sa manhajar gwajin ram, MemTest86, a filas, ita da ke tashi ba tare da Windows ba, kuka bar ta ta kwana tana zagaye. Washegari kuka raba sandunan, kowace ta sha gwaji ita kaɗai. Ɗaya ta fito lafiya lau, ɗayar ta cika allo da ja. Duk da haka sai da kuka musanya musu rami a madabod, don ku tabbata sandar ce ta lalace ba ramin ba. Ban ɓoye ba, kwana ukun nan sun yi min tsawo, shago ba uwar ɗakinsa, na dame ka da kira. Kai ma, Injiniya, ka riƙa ɗaga waya, kuma a ƙara benci a shagon nan, tsayuwa ta yi yawa.

Katin hoton da aka yanke wa hukuncin kisa kuwa, an wanke tsohuwar direbarsa (manhajar da ke sarrafa shi) da wata manhaja mai suna DDU, an sa sabuwa, ya yi awanni yana aiki ko tari bai yi ba. Akwatin wutarta ma ka gwada ka ce lafiyarsa lau, alhali ina ganin sababbi jere a kantarka. Sandar ram guda na saya, mai gudu daidai da wadda ta rage, ka kuma damƙa min matacciyar a hannu.

Da na tambaye ka batun Windows 11, tunda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, ka ce kwamfutar za ta iya ɗauka idan aka kunna TPM, wani ɓangaren tsaro da Windows 11 ke buƙata, amma ba a ranar ba. A bar ta ta yi wata guda tukuna, don idan aka sauya abu biyu a tare matsala ta ɓullo, ba a san wanda za a kama ba. Ka kuma tambaye ni yadda nake ba ta wuta. Da na ce kai tsaye daga janareta, sai ka yi salati. Yanzu UPS, na'urar batir mai riƙe wuta idan an ɗauke, na tsakani, na ɗora ta a tebur, na ja ta taku ɗaya daga bango.

Ta ƙarasa bazara tana aiki daga la'asar zuwa dare, ba daskarewa, ba shuɗi. Yaron nan mai ci biyu da nema ya dawo, an lallasa shi huɗu da nema, ya waiga yana neman abin da zai ɗora wa laifi bai samu ba.

Allah ya yi wa shagonku albarka, ya ƙara buɗi, ya sa yaran nan biyu su gaje ka a wannan haƙuri. In Allah ya kai mu watan Nuwamba zan kawo ta a kaɗe mata ƙura kafin hunturu ya sauka, a sa mata Windows 11 ɗin da muka ɗage.

Naka,
Mai gidan wasa a Badariya, Birnin Kebbi