Zuwa ga ɗalibin da ya tambaye ni a rediyo: tamola ko takarda?

Assalamu alaikum ɗana,

Daren Asabar da ta wuce ka bugo waya a shirin wasanni, ka ce kai ɗalibi ne a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, shekara ta biyu, kuma kana buga tsakiya a wata ƙungiyar unguwa. Ka ambace ni, ka ce tunda na shekara talatin ina koyar da motsa jiki a makarantun Maradi, in faɗa maka gaskiya kowa na ji: yaron da Allah ya ba ƙafa a garin nan, takarda zai ajiye ya bi tamola, ko tamola zai ajiye ya bi takarda? Ka ƙara da cewa a Amurka jami'a ce ke kai mutum wajen ƙwararru, to mu nan me zai kai mu? Kafin in buɗe baki layi ya katse, lokacin shirin ya ƙare. Tun daren nan maganar take cina a rai. A bainar jama'a ka yi tambaya, gara amsar ma ta zo a bainar jama'a.

Kada ka ajiye takarda. Ka fara riƙe wannan, sannan ka ji dalilina.

A 2012, shekarar da Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙasarmu, ta fara zuwa gasar kofin Afirka a Gabon da Equatorial Guinea, garin nan kamar an zuba wa yara wuta a ƙafa. Kowane lungu ka leƙa sai ka ga an kafa duwatsu biyu an yi gida. A lokacin ina da wani yaro a kwaleji, siriri, ɗan bahago, wanda in ƙwallo ta zo ƙafarsa sai ka ji filin ya yi tsit. Saura wata huɗu ya rubuta jarrabawar birebe wani mutum ya bayyana da jaka a hammata da hotunan filaye masu ciyawa, ya ce zai kai shi gwaji ƙasar Larabawa, daga can sai Turai. Na je har gida na zauna da mahaifinsa a zaure bayan isha'i, na roƙe shi ya bari yaron ya yi jarrabawar tukuna. Ya ce min, Malam, arziki ba ya jiran birebe. Ya sayar da garkarsa ta bakin gulbi, wadda yake cire tumatir da albasa a cikinta, ya damƙa kuɗin. Yaron ya shekara biyu a wani ɗaki da yara fiye da goma irinsa, babu gwaji, babu takardun zama, yana buga wasan titi don ya samu abin sakawa a baki, har gwiwarsa ta goce. Yau kabu-kabu yake yi wajen kasuwar Kadro. In ya hango ni sai ya ja burki ya ce "Mushe, hau in kai ka", ba ya kuma karɓar ko dala. Duk sanda na hau bayansa idona na kan ƙafar nan ta hagu, yadda take rawa in ya taka giya.

Ba na zargin mahaifinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dillalin ya samu shiga ne don tsakanin filin unguwa da rigar Mena babu wata hanya da uba zai gani da idonsa ya ce ɗana bi nan.

To ga maganar Amurka. Gaskiya ne, can jami'o'i na da ƙungiya guda mai tsara wasanninsu, ana ce mata NCAA. Kowane watan Maris jami'o'i sama da sittin ke shiga gasar ƙwallon kwando ta sili ɗaya ƙwale, ƙasar duka ta koma kallo. Filin ƙwallon ƙafa irin na Amurka na jami'ar Michigan kaɗai yana cin mutum sama da 107,000. Ta wannan ƙofa Hakeem Olajuwon ya bi: ya tashi daga Legas ya je jami'ar Houston, a 1984 aka zaɓe shi na farko cikin masu shiga NBA, babbar gasar ƙwararrun ƙwallon kwando, ya ɗauki kofi a 1994 da 1995. Joel Embiid na Kamaru ma ta jami'ar Kansas ya bi. Wannan shi ne abin da kake gani a waya, kuma ba ƙarya ba ne.

Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Cikin 'yan wasan jami'o'in can, waɗanda ke zama ƙwararru ba su kai biyu cikin ɗari ba. Sauran da digirinsu suke cin abinci, kamar kowa. Sannan shekara da shekaru jami'o'i da gidajen talabijin na kwasar dukiya da gumin yaran nan, su kuma an hana su karɓar ko sisi da sunansu, har sai a Yulin 2021 aka ɗage haramcin. A Yunin 2025 ne kotu ta amince da sulhun dalar Amurka biliyan 2.8 don biyan na baya, aka kuma ba kowace jami'a damar raba wa 'yan wasanta kusan dala miliyan 20.5 a shekara. Kuɗin talabijin ne ke jan wannan keken gaba ɗaya. Mu da ɗalibi ke jiran kuɗin tallafin karatunsa kamar ruwan farko na damina, ba wannan ne abin da za mu kwaikwaya ba.

Akwai kuma abin da ba zan ɓoye maka ba, ko da zai yi ɗaci. A tamola, jami'a ba ita ce hanya ba ko a Turai. Messi yana ɗan shekara 13 ya shiga makarantar horon Barcelona. Sadio Mané ta Génération Foot ta Dakar ya bi, ya isa Metz a 2011 bai cika ashirin ba. Masu farautar yara don Turai ido suke sawa kan 'yan sha shida zuwa sha tara. Kai da ke shekara ta biyu a jami'a, wannan ƙofar ta kusa rufewa, duk wanda ya ce maka zai buɗe ta in ka kawo kuɗi, kuɗin yake so. Ƙofar da ta rage maka ita ce ta gida: babbar gasar ƙasa, da ƙungiyar Mena ta masu buga wasa a cikin gida. Kada ka raina ta. Yaran nan ne mai horarwa Harouna Doula ya kai har wasan kusa da na ƙarshe a gasar CHAN ta Aljeriya a farkon 2023, suka zo na huɗu a Afirka. Wannan ƙofar kuwa ba ta buƙatar ka bar aji.

Abu guda ne nake kishin Amurkawa a kansa, shi ne kalanda. Yaro ya san ran da za a fara, ya san wa zai kara da shi, ya san wa zai zo kallonsa, ya kuma san in makinsa na aji ya faɗi ba zai sa riga ba. Ba sai mun haye teku za mu koyi wannan ba, don muna da shi a cikin gida, a kokowa.

Duba ka gani. In an kai amfanin gona gida, aka ɗaure dammuna, ganga na tashi a dandalin ƙauye. Yaron da ya kayar da sa'o'insa a wani ƙauyen Dakoro ko Mayahi ko Gidan Rumji, labarinsa na isa cikin gari kafin shi. A kira shi zaɓen gunduma, daga nan zaɓen jiha, a tace a fitar da goma. Jihohi takwas, 'yan kokowa tamanin, takobi ɗaya. Tun 1975 da aka fara a Tawa, inda namu Yakuba Kantu ya ɗauko takobin farko ya kawo Maradi, tsanin nan yana nan a kafe, kowa ya san matakalarsa. Shi ya sa filin kokowarmu ke ɗauke da sunansa. Issaka Issaka na Dosso ya ɗauki takobi har sau shida, ba wanda ya sayar da gona don a kai shi gwaji. Na sha zama kusa da shinge ina kallon yaro ɗan ƙauye ya shigo da walki da layu har gwiwar hannu, ya durƙusa ya ɗebi ƙasa ya murza a tafi, makaɗa na zuga shi, jikinsa na ɓari don bai taɓa ganin taro haka ba. Ko an kayar da shi a minti biyu, ya koma gida da suna, ya kuma san baɗi ma akwai. Ubansa ma ya sani. Abin da tamolarmu ta rasa ke nan.

Ba don ba mu da tarihi ba ne. Jangorzo ta Maradi ta ɗauki kofin gasar ƙasa a 1983, ga Dankassawa da ta daɗe tana ɗauke da sunan garin nan. Amma ka duba masu cin kofi yawancin shekaru: ƙungiyoyin Yamai ne, na soja da jandarma da kwastan da askarawan gardi, waɗanda ke da albashi da motar tafiya. Ƙungiyar jiha kuwa sai ta bi 'yan kasuwa da ƙoƙon bara kafin ta samu kuɗin man zuwa Yamai, tafiyar sama da kilomita 600, yara su sauka da kumburarrun ƙafafu su shiga fili. A Fabrairun 2019 an kawo mana gasar Afirka ta 'yan ƙasa da shekara 20, rukuni guda a nan Maradi aka buga shi: Mali, Senegal, Ghana da Burkina Faso. Na kwashi ɗalibaina muka je. Yadda yaran Mali ke karɓar ƙwallo su juya tun kafin ta iso, na ce wa na kusa da ni waɗannan tun suna ƙanana ake buga musu gasa kowane mako. Su ne kuwa suka ɗauki kofin a Yamai, bayan bugun fanareti da Senegal. Baƙi suka tafi, fili ya rage mana. Gasar makarantu kuma ta koma yadda na san ta tun ina aiki: bana a yi, baɗi a ce babu kuɗi, wata shekarar a fara ana saura sati uku jarrabawa, shugabannin makarantu su janye yaransu, kuma da gaskiyarsu.

Mena kanta abin tausayi ce da abin alfahari a lokaci guda. Wanda ya ji ihun garin nan a Oktoban 2010, ran da Moussa Maazou ya jefa wa Masar ƙwallo ɗaya tilo a Yamai, alhali su ke riƙe da kofin Afirka, ba zai manta ba. A Nuwamban 2024 yaran nan suka zuba wa Sudan huɗu ba ko ɗaya, bayan kwana huɗu suka bi Ghana har Accra suka ci ta biyu da ɗaya, maki guda ya hana su zuwa gasar kofin Afirka ta Maroko. A neman gurbin kofin duniya na 2026 suka zo na biyu a rukuninsu, bayan Maroko. Ban da na 2010, duk wannan a gidan aro suka yi shi, don hukumar ƙwallon Afirka ba ta amince da filin Seyni Kountché ba, wasan da ake kira na gida sai a je Marrakech ko Lome a buga. Yaron da bai taɓa ganin rigar ƙasarsa a fili da idonsa ba, don me za a yi mamaki in ya san 'yan bencin Arsenal bai san mai tsaron gidan Dankassawa ba?

Ni ba na cikin masu zagin gidan kallo. Ina zuwa, ina biyan dala ashirin ɗina in zauna a benci. Ko a Agustan 2023 da Najeriya ta yanke mana wuta, aka rufe iyakar Ɗan Isa, kaya suka yi tsada, gurup ɗin gidajen kallo bai daina ruri ba, kuma na ga yadda awa biyun nan ke sauke wa samari nauyin zuciya. Abin da ke tayar min da hankali shi ne 'yar takardar cacar da nake gani a hannun yara 'yan lise, suna kallon waya fiye da allon. Wanda ya sa kuɗin karin kumallonsa a kan kusurwa nawa za a buga, ya daina kallon tamola. Ka faɗa wa abokanka na fada ni na ce su rabu da ita.

Yanzu ga abin da nake so da kai, tunda kai ka ɗaga murya. Kada ka jira a kawo muku NCAA daga sama. Ku nawa ne a jami'ar nan? Ga sashen noma, ga na likitanci, ga na kimiyya, ga cibiyar fasaha. Kowane sashe ya fitar da ƙungiya biyu, kun samu takwas. A sa rana guda a mako, bayan la'asar, a rubuta jadawalin shekara tun watan farko a manna a allo, a bar makonnin jarrabawa fili. Ba mai sa riga sai da katin ɗalibi, wanda kuma ya bar karatunsa ya zube ya zauna a benci har ya gyara. 'Yan mata su ma a ba su ranarsu ta ƙwallon hannu da ta raga, don na koyar da 'yan mata da yawa masu hannu kamar majajjawa, da suka bar kwaleji ba wanda ya sake tambayarsu. In kun riƙe wannan shekara biyu ba fashi, manyan lise na gari za su nemi shiga, daga nan sai ku aika wa Damagaram da Tawa goron gayyata. Masu horar da ƙungiyoyin gari ba sai an roƙe su ba, duk inda ake wasa kowane mako ƙafarsu na kai su, don su ma 'yan wasa suke nema.

Na san za a ce maka babu kuɗi. Ƙwallo huɗu, raga biyu, farar ƙasa ta zana layi da ruwan sha, ɗalibai takwas masu niyya za su iya haɗa wannan. Abin da ke da wuya shi ne mako na bakwai, in zafin Afrilu ya sauko, rabin 'yan wasa ba su zo ba, mutum ɗaya ya tsaya ya ce sai an buga.

Ni ritaya na yi, amma usur ɗina na nan, da agogon gudu, da tsohon littafin da nake zana jadawali a ciki tun ina aiki. Mai gabatar da shirin ya san gidana. Ka zo ran Alhamis bayan la'asar da mutum ɗaya daga kowane sashe, ku taho da sunayen 'yan wasanku da ranakun jarrabawarku. Zan sa a ɗora shayi, mu zauna mu fitar da jadawalin kafin magariba. Ka zo da takalmanka kuma, ina so in ga yadda kake karɓar ƙwallo.

Allah ya yi maka albarka, ya ba da sa'ar karatu.

Naka,
tsohon malamin motsa jiki, unguwar Zariya, Maradi